Mai Ƙanƙarar Wadata

Shekara ashirin da shida ina sayar da ƙanƙara a Wadata,
ina lulluɓe ta da buhu da garin katako,
ina tsere da rana kafin ta shanye mini uwar kuɗi.
Ban taɓa ganin an taka ta ba.
Wa zai taka abin da ya saya da dala ashirin?

Sai ga labarin jikata Tsahara,
wadda aka fita da ita Yamai tana goye:
wai a can an shimfiɗa ƙanƙara fili guda,
ta ɗaura wuƙa a ƙarƙashin kowane takalmi,
tana juyi a kai kamar mazari a hannun mai kaɗi.
Wai har gasa za a yi, da alƙalai.

Mu huɗu muka ce sai mun je.
Kuluwa ta kwashe adashinta na wata goma,
Sanda tela ya jinginar da keke ɗaya,
Alzuma, da bai haɗa komi da mu ba sai katanga,
ya ce yarinyar unguwa ce, ya sayar da ragon layya tun bai yi ƙiba ba.
Muka bi layi tun asuba a ƙofar masu biza.
Uku aka buga wa hatimi.
Ni aka ce takarduna ba su nuna zan dawo ba.
Ni da ko Doso na je ba na iya kwana biyu.

To.
Na bi su Katako sayen rigunan sanyi na bosho.
Kuluwa ta gwada wata mai gashi a tsakar rana,
gumi na zuba, masu tura kura na dariya,
ta ce ku yi, ba ku za ku daskare ba.
Sanda ya kwana yana ɗinka tuta,
ruwan goro, fari, kore,
da'irar tsakiya ta ɗan karkace, ya ce daga nesa ba a gani.
Na naɗe kilishi a takarda uku,
ko za a ƙwace a hanya, oho.

A filin jirgi na riƙe akwatin Alzuma
har inda soja ya ɗaga mini hannu.
Na ce da Kuluwa, in ta fito, ki yi mini guɗa.
Ta ce can ba a guɗa, tafi suke yi a hankali.
Na ce ki yi dai.

Daren gasar wuta ta ɗauke tun magariba.
Muka taru a rumfata, kai goma sha kan waya ɗaya,
hoton na tsayawa, yana tafiya, yana tsayawa.
Ga ta nan, ƴar mitsitsiya cikin farin fili,
ta miƙa hannu, ta zame da baya,
ta tashi sama,
sai hoton ya tsaya da ita a iska.
Ba wanda ya yi numfashi.
Da ya dawo tana ƙasa, tafi ɗaya a kan ƙanƙara,
ta miƙe, ta ci gaba.

Kiɗan ya ƙare.
Cikin tafin baƙi, daga can saman kujeru,
wata murya ta tsaga ɗakin,
siririya, doguwa, irin ta ranar suna a Bukoki.
Tsahara ta waiga tana nema.

Ta bakwai ta zo, in ji Sanda da safe,
muryarsa ta dushe, wai yatsunsa ba sa jin allura.

Da kowa ya watse na yaye buhu,
na jawo guntun da ya rage bai narke ba,
na tuɓe takalmi, na dafa ginshiƙin rumfa,
na hau.
Ban kai ƙirga goma ba.
Ashe a kan wannan take tsaye, yarinyar,
har tana murmushi.