Bashin Awa Tara

A Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya,
bayan tsohuwar tasha akwai wani shago
mai ƙyauren langa-langa da benci biyu.
Ba a sayar da komai a ciki.
Nan Malam Nomau ke zama da agogon aljihu,
wanda ya shekara talatin yana jiran jirgi da shi.
Yanzu mutane yake jira.
Littafin kuwa yana hannun Kulu Arzika,
wadda ta bar aikin ɗakin haihuwa
da hannu mai sanyi, da baki mai yaji.

Su suna ce masa bankin lokaci.
Tsofaffin unguwa suka ce, ina,
gayya ce dai ta shiga makaranta ta koyo rubutu.

Ka'idar guda ce, kuma ita ke jawo rigima:
awa awa ce.
Ranar da tsohon hedimasta ya ji
cewa lissafin da ya koya wa 'ya'yan mutane
daidai yake da tsintar wake da Tumba ta yi masa,
sai ya cire tabarau yana huci.
Kulu ba ta ko ɗago kai ba.
Ta ce, Malam, rana nawa ta fito maka yau?
Ita ma guda ta fito mata.

Na ga sun bi gida-gida da laima ɗaya,
suna sallama har murya ta dushe.
An ce 'yan siyasa ne. An ce kuɗin Turawa suka ci.
Wata ta sako musu kare.
Inno Hassi, da idonta ya tafi tun bara waccan,
ta ce ni me gare ni da zan zuba?
Nomau ya ce, kina iya zama kusa da marar lafiya
ki yi shiru ba ki ƙosa ba?
Yau shafinta ya fi na kowa cika.

Sai Ɗan'ige mai faci ya kwanta.
An kai masa ruwa, an kai shi asibitin Gusau a mashin,
an wanke masa tufa, an yi masa jiran rumfa,
yana cewa ku rubuta, in na tashi zan biya.
Bai tashi ba.

Da aka jera sahu, liman ya juyo ya tambaya
ko akwai mai bin mamaci bashi.
Shiru. Sai wani yaro ya ratso
da 'yar takarda daga cikin gida, rubutun Kulu.
Nomau ya karanta, muryarsa na rawa:
ba ko sisi a kansa,
amma littafi na bin sa awa tara.
Mun yafe, in ji shi, sai dai shi ya roƙa kada a goge.

Cindo mahauci ya ce, biyu nawa.
Mai shayin bakin tasha ya ɗauki ɗaya.
Hedimasta, daga can ƙarshen sahu,
ya ɗaga yatsu uku bai ce uffan ba.
Ni da na zo don kunyar maƙwabtaka kawai,
ni da na sha cewa aikin marasa aiki ne,
na ji bakina ya riga ni.

Ran Laraba aka tura ni Sabon Gari,
gidan wata tsohuwa da ban taɓa gani ba,
rufinta na yoyo daidai kan gado.
Na hau, na buga ƙusa, na ƙona tafin hannu a kwano.
Da na sauko ta tambayi sunana don ta sa albarka.
Na ce Ɗan'ige.

Awar ta wuce da minti ashirin.
Nomau ya dubi agogo, ya dube ni,
ya ce wa Kulu, buɗe masa shafi.