Ɗakin Ƙasa

A Punta Arenas iska ba ta hutu.
Tun asuba take jijjiga kwanon rufi,
ni kuwa ina ɗakin ƙasa da makullai goma sha ɗaya
ina neman inda zan sa haƙarƙari.

Belisario ne ya kawo shi jiya a bayan mota,
ya ce teku ce ta tofo shi bayan hadari.
Ƙashin ƙaton ruwa mai shayar da ɗansa nono,
ya fi ƙofata tsawo da taku uku.
Ban ce a'a ba. Ban taɓa iya cewa a'a ba.

Ga kantoci sun cika har sun yi doro.
Ƙwai ɗari huɗu kwance cikin auduga,
ƙwari soke da allura, sahu bayan sahu,
gwangwanin biskit na Hortensia Mansilla
da katantanwar da mijinta ya tsinta shekara talatin,
kowace da takardarta, da rana, da gaɓar da ta fito.
Ta ce: kar ki bari su gauraye.

Sama, inda baƙi ke yawo,
akwatin gilashi tara ne kacal.
Duk abin da ya hau, wani ya sauko.
Ni ce alƙalin wannan shari'a,
kuma masu ƙarar duk bebaye ne.

Na so in sauko da tsohuwar dila,
wadda asu ya cinye wa kunne guda,
idonta na ƙwalba ya karkace yana kallon silin.
Sai wani yaro, Fermín, ya manna hanci a gilashi
ya ce kakansa ma ya san ta,
suna ce mata Mai Harara.
Na mayar da makulli aljihu.

Yanzu warin kafur ya kama rigata.
Na auna bango da igiya, na sake aunawa.
Haƙarƙarin zai kwana a baranda, cikin tamfol,
har kafinta ya zo ranar Laraba, in ya zo.

Kafin in kashe fitila na buɗe gwangwanin.
Na ɗauki ƙaramarsu, ba ta kai farce ba,
na rubuta mata lamba: dubu tara da biyu.
Gobe za ta hau sama, kusa da dila.
Akwai gurbi kamar tafin hannu.