Katin Shaida

Tun da sanyin safiya na bi layi a Gwammaja,
takarda a hannu, na gyara hula sau uku.
Yarinyar da ke bayan na'ura ko ɗagowa ba ta yi ba.
Suna?
Ɗalhatu Namadi.
Sana'a?
Gyaran agogo, rumfa ta huɗu, Kasuwar Rimi.
Ta auna tsawona, ta dangwala yatsuna goma,
ta ce, Baba, dubi nan, kar ka motsa.

Na so in ce, 'yata, wanne za ki ɗauka?
Mu da yawa muka zo a cikin rigar nan.

Akwai mai tashi da asuba zuciya fes,
ya yafe wa duniya kafin ya sha koko.
Ba ya kai wa Ƙofar Mazugal da rai.
A cikin a-daidaita-sahu wani ke gadonsa,
mai huci, mai rigimar canjin naira hamsin
kamar gonar ubansa aka danne.

Akwai yaron da malamin lissafi ya kira daƙiƙi
a aji uku, gaban allo, gaban Hansatu.
Shekara hamsin ke nan.
Malamin ya riga mu gidan gaskiya,
yaron yana nan, ko furfura ɗaya bai yi ba.
Duk ran da mai agogo ya tsaya a kaina yana kallo,
shi ke riƙe da hantsaki, hannu na rawa.

Na daɗe ina zaton ni ne fushina.
Unguwa ta raɗa min Ɗalhatu Wuta,
na karɓa, na ɗinke shi a wuyan riga.
Ko ran da raina ke fari nakan ɗaure fuska
don kar a ce wuta ta mutu.
Sai daminar da muka kai Asabe makwancinta.
Wutar ta nemi itace ta rasa.
Wata huɗu ina zaune a soro
ina jiran in ga wa ya rage a gidan.
Ba kowa, sai wani dattijo mai saurin hawaye
wanda ban taɓa gaisawa da shi ba.

Agogo kam na san shi.
Ka buɗe bayansa, ba za ka tarar da lokaci a ciki ba,
sai 'yan tayoyi masu haƙora, wannan na tura wancan.
Ni ma na sha buɗe kaina cikin dare:
tunani na cizon tunani,
tsoro na juya buri, kunya na taka burki,
fuska kuwa ta gaya wa masu wucewa ƙarfe nawa,
wani sa'in gaba take yi, wani sa'in baya.

Fitilar ta haska daidai lokacin
da bashin Alhaji Ɗanlami ya faɗo min a rai.
Shi ke nan, shi aka ɗauka:
goshi a tattare, leɓe a cije.
Shi zai riƙa shiga banki a madadina,
shi ɗan sanda zai haska a hanyar Wudil,
ya dube shi, ya dube ni, ya ce wuce.

Ran da katin ya fito, jikata Rumasa'u ta fizge,
ta juya shi, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske.
Ta ce, wannan ba mijina ba ne,
nawa tsoho ne, amma yana dariya,
ku mayar musu da kayansu.

Dariya ta ƙwace min har da tari.
Ta ce, yauwa, ga shi ya dawo.

Na cusa katin a aljihun gaba,
bayan tabarau da ɓarin goro.
Na bar shi can da bashinsa,
na ce ta miƙo min buta, magariba ta yi.