Dubu Ɗaya Da Biyu

Ƙarfe ɗaya na dare a Aboabo,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Ni kaɗai a ofishin 'yan goro,
da kwamfuta huɗu, da fanka mai tari,
da kokon da ya huce tun isha'i.

Aikin ba wuya, in ji Hajiya Memuna:
kwashe komai ta waya, zuba a rumbu,
kada wata rana dumso ya cinye mana lissafi.
Uku sun juye lafiya lau.
Ta huɗu ta turje, ta ce da ni:
ba ka da izini.

Ni?
Ni da na ja wayar nan da hannuna
ta cikin silin, ɓera na kallona?
Na sake. Ba ka da izini.
Fayil ɗari bakwai da sha ɗaya
sun rufe ƙofa kamar an yi ihun ɓarawo a layi.

Sai na leƙa in ga na wane ne.
Ashe inji bai san suna ba, lamba ya sani.
A nan, dubu ɗaya da biyu
Baba Mutawakilu ne, magatakarda,
wanda muka raka Tafo bayan ƙaramar salla.
A can cikin rumbu, dubu ɗaya da biyu
Zuwera ce, mai koyon buga rasit.
Lamba ɗaya, mutum biyu,
ɗaya a ƙasa, ɗaya na barci a Asawase,
inji a tsakiya ya rasa wa zai miƙa wa amana.

Akwai yanke, na san shi sarai:
bakwai, bakwai, bakwai,
kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya goge.
Cire ƙyaure ke nan don kwaɗo ya cije.
Yatsana har ya kai bakwai ta biyu
na tuna tsohon,
yadda yake lasar yatsa kafin ya juya shafi,
ko da shafin na kan allo ne.

Na janye hannu.
Na ɗauko babban mabuɗi, wanda ba a yi wa tambaya,
na sauya wa Zuwera lamba a ɓangare biyun,
na kafa ƙungiya, na raɗa mata suna Goro,
mutum uku ciki: su gani, kada su taɓa.
Na fara gwaji tukuna, wanda ba ya motsa komai,
don na taɓa ƙonewa a wani ofis a Bantama.

Sai ga su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya:
bashin Techiman, kuɗin mota zuwa Legas,
huhu arba'in da ruwa ya ɓata bara.

Saura jaka ɗaya.
Sunanta kalma guda: Nawa.

Mabuɗi na hannuna, ba mai gani sai fanka.
Na daɗe ina kallonta.
Na ɗauke ta a rufe, da lambar mai ita,
kamar akwatin matafiyi da aka bari ajiya.
Gobe 'yarsa ta zo ta yanke hukunci.

Ruwa ya ɗauke. Ladan na gyaran murya.
Allo ya ce kuskure babu.
Na shanye kokon da sanyinsa.