Dodannin da Ba a Dawo Karɓa Ba

Shekara arba'in da ɗaya ina wanke hoto
a gindin tudun Barón, nan Valparaíso,
inda gishirin teku ke cin ƙyauren shago
kamar yana bin mu bashi.

An ce mini sana'ar ta mutu, na ce to.
Na sayar da benci guda,
na ba maƙwabciya rabin kanta ta jera kifin gwangwani.
Sai ga yara sun dawo,
'yan shekara ashirin, da zobe a hanci,
kowa da kyamarar kakansa a wuya
tana lilo kamar laya.

Dishi-dishin nan suke so.
Suna son hasken da ya ɓarke ta gefe ya ƙona kunnen mutum,
abin da maigidana Baldomero
kan ba da haƙuri a kai, ya mayar da kuɗi.
Yau kuskuren ake saye, da tsada.

"Doña Eliana, ki turo mini ta waya."
In tura. Shi ke nan, an rabu.
Dodon hoton ya zauna cikin ambulan,
da suna, da kwanan wata, da rubutuna mai karkata.
Ran Lahadi na ƙirga su
har na wuce dubu biyu, shayina ya huce.

Da dare nakan ɗaga su ga fitila.
A can kowa tsoho ne, gashi fari fat,
haƙora baƙi, sama kamar gindin tukunya.
Ga kare a matakala. Ga yatsa ya rufe rabin jirgin ruwa.
Ga wata uwa a gadon asibiti
sau talatin da shida,
don mai ɗaukar bai san wanne ne na ƙarshe ba.

Jikana Amaro ya zo da nasa abin mamakin.
Ya rubuta wa na'ura jimla biyu:
dattijo, hular masunta, bakin teku da yamma.
Kafin in gyara tabarau ta haifo mutum.
"Kaka, ba ya kama da shi?"

Ya fi shi kyau, ɗana.
Wannan bai taɓa tari ba,
bai taɓa cin bashin burodi ba.
Kuma dubi inuwarsa, wajen rana ta nufa.
Hasken da ke goshinsa
bai taso daga ko'ina ba.

Nawa guda ne, cikin gwangwanin biskit.
Ya motsa, don tsuntsun teku ya kawo wa kifinsa sura,
fuskar ta zama hayaƙi, hannun ya zama uku.
Amma ranar da ta taɓa kumatunsa
ita ta shiga ta ramin gilashi ta kwanta a fim ɗin nan.
Ko ba a gane shi ba, ya tsaya a wurin.

Mai gidan haya yana zancen mayar da shagon gidan kofi,
za a rataya tsofaffin kyamarori a bango, in ji shi, don ado.
Ban amsa ba. Na kunna jar fitila,
na tsoma takarda, na girgiza faranti.
Fuska na tahowa a hankali
kamar mai hawo tudu cikin hazon asuba,
ido tukuna, sannan sauran.

Jiya wata ta dawo, Maite Ossandón,
wayarta ta faɗa teku da komai nata.
Uwar gadon asibitin, tata ce.
Minti goma sha ɗaya na yi ina nema.
Ta ɗaga shi ga taga, a juye, kai ƙasa,
ban gyara mata ba.
Ta tambayi nawa ne.
Na ce ta ja mini ƙyauren da ƙarfi in za ta fita,
gishiri ya sa ba ya rufuwa.