Takarda Mai Gurbi Ashirin da Bakwai

Ranar Talata aka aike ni,
da biro, da takarda mai gurbi ashirin da bakwai,
in je gidan gajiyayyu can bayan Ɗorayi
in auno kulawa, kamar mai awon gero a Dawanau.

Tun daga zaure warin fenti ya yi mini maraba.
An san da zuwana.
Zannuwan gado ko karin guga bai sake su ba.
Alhaji Barau na gaba, ina biye,
makullai na kaɗawa a aljihunsa:
ga ɗakin magani, ga madafa, ga rijiyar burtsatse.
Na yi ta saka alama.
Akwai. Akwai. Akwai.

Gurbi na tara: suna cin abinci sau uku?
Suna ci.
Takardar ba ta tambayi haƙora ba.
Baba Mamuda, tsohon ɗan dako a Kwari,
wanda wuyansa ya ɗauki dilar atamfa shekara arba'in,
yana ta juya tsokar nama a baki
kamar mai neman masauki ga baƙon da ya fi ƙarfinsa.
Can ya tofa a tafin hannu,
ya tura ƙarƙashin matashi.

Iya Tasallah ta kama gefen mayafina.
"'Yar nan, ke ce ta gwamnati?
To rubuta: butata ta yi nisa."
Na ƙirga. Taku huɗu daga gadonta.
Taku huɗu abin wasa ne ga mai ƙafa.
Ta ce da rana da bango take taimama.
Na juya takarda gaba da baya,
babu gurbin buta.

Asabar bayan isha'i na koma,
ba biro, ba sanarwa.
An ɗauke wuta. Janareto na nan, mai ne babu.
Fenti ya yi shiru, zarni ya karɓi magana.
Zannuwan Talata an ninke su cikin akwati,
suna jiran baƙo na gaba.

Sai wani ɗan haske a ɗaki na uku.
Hansatu ce, mai aikin dare,
ta ciji waya a baki tana haska wa hannuwanta,
tana mirgina Baba Mamuda daga hagu zuwa dama
kada katifa ta ci bayansa.
"Sarkin dako, yau kai ne kaya."
Ya yi dariya da dasashi.
Ta shafa masa man kaɗanya a ƙugu da diddige,
ta ba shi kunu cokali-cokali,
tana hura kowanne.

Na leƙa wurin Iya.
Buta na gindin gado, ruwan da ɗuminsa.
Na ce, "Kullum haka?"
Ta cire wayar daga baki.
"In ni ce da aiki."
Ita kaɗai, tsofaffi goma sha tara,
albashi wata uku shiru.

Litinin na zauna da rahoto.
In na ce gidan ya gaza, a garƙame shi,
wa zai buɗe wa Baba Mamuda ƙofa?
In na ce ya yi, Alhaji ya rataye takardar yabo a zaure,
akwati ya ci gaba da kwana da zannuwa.
Na cike ashirin da bakwai yadda na gani.
A bayan takardar, inda ba layi,
na rubuta: haƙora, buta, man janareto,
Hansatu.

Da na iso gida Gwammaja, magariba ta kawo jiki.
Inna na zaune a ɗakinta, ta juya wa ƙofa baya.
Na kama hannunta don gaisuwa,
farcenta ya karce ni.
Yaushe rabon da in yanke shi?
Na ɗaga ido ina neman butarta.
Tana can bakin rariya.
Ban ƙirga takun ba.