Gobe-da-nisa

A gindin dutsen Kilang, bayan gonarmu,
inda ƙasa ke sallama, tsakuwa ta karɓa,
nan kububuwa ke da gida.
Tsawonta da ƙyar ya haura kamu guda.
In ta naɗe, faifai ya rufe ta har da saura.

Launin wurin ta ara: toka, jar ƙasa, busasshen ganye,
sai fararen ɗigo a jere, hagu da dama,
kamar aikin mai zanen ƙwarya.

Da rana ba ta da ta cewa.
Sai shanu sun gangaro, duwatsu sun huce,
ta fito cefane:
ɓeran gona, kwaɗo, shanshani,
kunama ma haɗiye ta take, har ƙarin.

Ba ta huci irin na kasa,
ba ta fasa kai irin na kumurci.
Jiki take gogawa da jiki,
ka ji kamar an yarfa ruwa a man suya.
Sallamarta ke nan.

Kawu Lamela bai ji ba.
Shekarar da gyaɗa ta yi albarka,
ya tura hannu ƙarƙashin tulin harawa,
ya zaro shi da ɗigo biyu.
Washegari dasashinsa na tsiyaya,
yankan lauje da ya fara warkewa ya sake buɗe baki.

A babur muka kai shi Kaltungo,
ina bayansa, na rungume shi kamar buhun dawa.
Malamar asibiti ta ɗebi jininsa a kwalba,
ta ajiye, ta dubi agogo.
Minti ashirin, ta karkata kwalbar.
Jini ya gangaro kamar zoɓo.
Ba ta ce komai ba, ta fasa allura.

Ya tashi. Yatsan ne dai bai ƙara lanƙwasuwa ba.

Bana, farkon damina, muna gyaran iyaka,
ya ɗaga wani falalen dutse da bakin fartanya:
ƙwai goma sha ɗaya, farare, masu laushin fata,
babu uwa a kusa.
Na ɗauko hoge.
Ya daɗe tsaye cikin takalminsa na roba,
ya dubi ƙwan, ya dubi rumbun da ɓera ya ɓarnata bara.
Ya ce, "Bari tukuna."
Har yau ban san wa yake nufi ba,
ni ko su.